Inna Ta Haye

Har yau, da furfurata da komai, in na ji babba ya ce wa yaro "yi mini shiru, ba maganar yara ba ce", sai in ji raina ya ɓaci. Jikokina sun san halina, har tsokanata suke yi wai ba a yi wa yaro ƙarya a gaban Kaka a kwashe lafiya. Gaskiyarsu. Tun ina yarinya a gungunmu na ɗauki wannan hali, kuma saboda ƙanena na ɗauke shi, lokacin ko mazagin wandonsa bai iya ɗaurewa ba.

Gungu shi ne tsibiri a bakinmu. Namu yana tsakiyar kogin Kwara, ƙasa da Yelwa, ta wajen Ngaski. Kada wani ya wahalar da kansa nemansa, yana ƙarƙashin tafki yanzu. Mu Sarkawa ne, kamun kifi muka gada, maƙwabtanmu kuwa Gungawa ne masu noman albasa da gero. Duk ƙasar da ba gungu ba, hayi muke ce mata. Kasuwa tana hayi, asibiti yana hayi, alƙali ma yana hayi. In mutum ya shiga jirgi ya nufi can, sai a ce ya haye. Kuma duk wanda ya haye yana komowa, in ba yau ba gobe, da gishiri ko kananzir ko ƙuli-ƙuli a ƙullin zane. Wannan ko yaron goye ya san shi.

Da damina Inna ta rasu. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, kafin a gama shawarar kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Ni lokacin na yi wayo, ina daka ina ɗebo ruwa, don haka babu wanda ya ɓoye mini. Ƙanena, autanmu, shi ne bai wuce shekara huɗu ba. Ranar da abin ya faru aka ɗauke shi aka kai shi gidan maƙwabta, aka cika masa hannu da gyaɗa. Sai da aka kai ta aka dawo, aka share tsakar gida, sannan aka maido shi. Ya leƙa ɗaki, ya leƙa madafa, ya zo ya tsaya gaban Goggo, yayar Baba, wadda ta zo zama da mu.

"Ina Inna?"

Goggo ta goge ido da bakin zane ta ce, "Innarka ta haye."

"Yaushe za ta komo?"

"Sai ta ƙare abin da ya kai ta."

Shi ke nan, magana ta zauna. Gungu duka ya ɗauka, kamar an yi shela. Ba na ce Goggo muguwa ba ce, Allah ya jiƙanta, ita ta ƙarasa renonmu, kuma a ganinta tausayi ta yi masa. Amma da za ta zaɓi kalma, sai ta zaɓi wadda a gungunmu take nufin mutum yana nan tafe.

Daga ranar autanmu ya samu aikin yi. Duk ranar kasuwa, da la'asar, yana kwata, inda jirage ke tsayawa. Jirgi ya iso, ya miƙe ya duba fuskar kowace mace da ta sauko. Matan su shafa kansa, wata ta ba shi ƙuli-ƙuli, wata ɗan rake, su kau da kai su wuce suna jan hanci. Har ƙiba ya yi da tausayin mutane. Ni kuwa ni ce mai zuwa in jawo shi gida in rana ta faɗi, yana tirjewa yana cewa saura jirgi ɗaya.

Rannan na gaji. Na zaunar da shi bayan rumbu na ce masa, "Kai, saurara. Inna ta mutu. Ba ta komowa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ƙarya kike. Kaza ka mutuwa, da kifi. Goggo ta ce ta haye."

Da gudu ya je ya kai ƙarata. Goggo ta kama kunnena ta murɗe har na ga taurari, ta ce in na sake buɗe wannan baƙin bakin nawa sai ta zuba mini barkono a ciki. Kunnen bai dame ni ba kamar abin da na gane a ranar. Maganata ba ta da nauyi a wurinsa. Manya ne suka ɗaure wannan ƙulli, sai babba ne zai kwance shi.

Ana cikin haka maganar dam ta shigo. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Wasu mutane masu gajeren wando suka riƙa zuwa cikin jirgi mai inji, suna leƙen wani abu mai ƙafa uku, suna kafa turaku. Aka tara manya a ƙofar gidan mai gari, mu kuma aka kore mu kamar kaji. Abin da ya faɗo kunnenmu daga nesa guda ɗaya ne: dam zai ci gungu.

To, mene ne dam? Ba wanda ya taɓa jin kalmar. Wani yaro mai kaurin wuya ya rantse damo ake nufi, wani ƙaton damo ne zai taso daga Kainji ya haɗiye gari. Wallahi samari ƙanana suka ɗauki sanduna suka bi damon gungu da kisa, bayin Allah da ba su ci ba ba su sha ba. Wata yarinya ta ce ba damo ba ne, dodon ruwa ne Turawa suka ɗaure da sarƙa za su sako. Yara suka daina wanka a gulbi, abin da bulala ta kasa hana mu. Na tambayi Goggo, ta ce in bar ta ta ji da tukunyarta. Na tambayi malaminmu na allo, ya ce Allah ne masani, in koma kan karatuna. Haba! Gari zai nutse da mu a ciki, kuma a ce ba maganarmu ba ce?

Sai na nufi Baba. Baba mutum ne mai shiru, tun rasuwar Inna kuma shirun ya ƙaru. Na same shi yana ɗinkin tarun kamun kifi a inuwa, autanmu na riƙe da zanena. Na durƙusa na ce, "Baba, mi ne dam? Yara sun ce damo na."

Karo na farko ke nan tun damina da na ga haƙoransa. Ya ajiye tarun ya ce mu biyo shi. Ya kai mu lambun wani maƙwabcinmu, inda ruwa ke bin 'yar hanya tsakanin fangalin albasa. Ya dunƙula laka ya ajiye a tsakiyar ruwan.

"Wanga gungunmu na," ya ce. "Ruwan nan kuwa Kwara ta."

Sannan ya matsa ƙasa kaɗan, ya ɗebo laka cikin hannu biyu ya toshe hanyar ruwan.

"Wanga shi ne dam. Bango na, na dutse da siminti, can Kainji. Ku duba."

Muka tsuguna muka zuba ido. Ruwa ya rasa hanya, ya fara taruwa, ya hau gefen dunƙulen laka a hankali a hankali, har ya rufe shi ruf. Baba ya ce ruwan da aka tare ne zai juya wasu injuna su ba birane wuta. Na ce mu fa, za a ba mu wutar? Ya ce wannan bai sani ba. Ya ce ba a rana ɗaya ruwan zai zo ba, ba zai same mu muna barci ba, kuma babu wani dodo. Wallahi a take na ji an sauke mini kaya. Kafin azahar na gaya wa duk yaran gungu, kowa ya je ya toshe tasa hanyar ruwan ya gani, damo suka samu lafiya.

Amma kafin mu bar lambun, autanmu ya ja rigar Baba. "To mu ina za mu?"

"Hayi," in ji Baba. "An gina muna gidaje can."

Ban taɓa ganin fuska ta haska haka ba. Ya daka tsalle har ya faɗa cikin albasar mutane. "Hayi! Wurin Inna! Yaya, za mu wurin Inna!"

Na dubi Baba. Baba ya sunkuya yana wanke hannu cikin ruwan nan, ya yi ta wankewa, alhali babu sauran laka a jiki.

Watannin da suka biyo baya, gungu duka yana cikin baƙin ciki, ban da mutum ɗaya. Tsofaffi na kuka a kan gonaki da itatuwa, shi yana rawa a tsakar gida. Kullum da safe sai ya je ya duba turken da aka kafa a bakin ruwa, ya dawo yana mita wai ruwan nan ya cika nawa, ba ya sauri. Ya daina zuwa kwata, ya ce ai mu za mu same ta. Ya ɗauko faifan Inna, wani mai jan baki da take rufe ƙwaryar fura da shi, ya hana kowa taɓawa. Da shi yake yawo. Wai ta manta da shi, shi zai kai mata.

Waɗanda suka je ganin sabon gari suka dawo da labari: ɗakunan siminti ne masu lanƙwasasshen rufi, an jera su layi-layi, duk iri ɗaya, har mutum ya shiga gidan wani yana sallama da matar da ba tasa ba. Yara suka yi ta dariya. Autanmu bai yi ba. Ya zo ya same ni ina tankaɗe.

"Yaya, in duk iri ɗaya na, ƙaƙa za mu gane ƙofar Inna?"



Sai ya ba kansa amsa. "Ba komi. Sai in bi su ɗaya-ɗaya."

Na ajiye rariyar. A zuciyata na hango shi da faifan nan a hammata, yana bin ƙofa-ƙofa a garin da bai sani ba, kowace ƙofa a ba shi ƙuli-ƙuli a ce ya gwada ta gaba. Kuma na san inda Inna take. Tana bayan gari, gindin giginyu, inda nake bi in na je itace. Ruwa ya riga ya cinye lambunan ƙasa, har da inda Baba ya nuna mana dam. In muka haye ba a kai yaron nan ya ga kabarin ba, har abada ba abin da za a nuna masa sai ruwa. Ranar da zai gane gaskiya kuma, ba zai ƙara yarda da bakin kowa a gidanmu ba.

Ana saura kaɗan a kwashe mu, da hantsi, na tarar da Baba yana toshe ɓarakar jirgi a bakin ruwa, Goggo na gefe tana wanke tukwanen da za a ɗaure. Na durƙusa yadda aka koya mini, amma abin da ya fito daga bakina ba na ladabi ba ne.

"Baba, ni ba ni shiga jirgin nan."

Bai ɗago ba. "Don mi?"

"Sai an gaya wa auta inda Inna take."

Goggo ta saki tukunya. "La ilaha illallahu! Yarinyar nan ba ki da kunne? Zuciyar yaro ba ta ɗaukar wagga magana. In ya girma shi gane da kansa."

"In ya girma mi za a nuna mai, Goggo? Ruwa?"

"Ke! Ni kike mayar wa magana?"

Ta yo kaina da hannu a jiƙe. Ban matsa ba. Na riga na yanke, ko za a yanka ni sai na ƙarasa. Na ce, "Baba, da anka ce damo na, kai ka kai mu lambu ka gwada muna da laka. Mun gane, har shi ya gane. Tsoron ya tafi. Don mi Inna ba za ka gwada mai ba?"

Baba ya ɗaga hannu ya tsai da Goggo. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Ban san yadda zan ce mai ba."

Ban taɓa jin Baba ya ce bai iya wani abu ba. Tausayinsa ya kama ni, amma ban sassauta ba. Na ce, "Yadda ka ce na dam."

Ya ajiye abin hannunsa, ya wanke hannu, sau ɗaya wannan karon. Ya ce wa Goggo, "Yaya, ki yi haƙuri. Ɗiyar nan ta fi mu gaskiya." Sannan ya ce in kira masa auta.

Ya saɓa shi a wuya, faifan na hannunsa, ni ina biye. Muka ratsa gari, muka wuce rumbunan da aka riga aka kwashe, har gindin giginyu. Kabarin ya ɗan kwanta, ciyawa ta fito a kai. Baba ya sauke shi, ya tsuguna har idonsu ya daidaita.

"Innarka tana nan ƙarƙashi. Ba ta haye ba. Ta mutu, kamar yadda yayarka ta gaya ma. Duk mai rai yana mutuwa, ba kaza da kifi kaɗai ba. Wanda ya mutu ba ya komowa."

Yaron ya dubi tudun ƙasar, ya dubi Baba, ya dube ni.

"Wa ya sa ta ciki?"

"Ni, da mutanen gari. Munka yi mata wanka, munka yi mata salla."

"Tana jin yunwa?"

"A'a. Ba ta jin yunwa, ba ta jin zazzaɓi. Ciwon ya ƙare."

"Tana jin mu?"

"Wannan ban sani ba. Amma malamai sun ce addu'a tana isa gare ta."

Ya jujjuya faifan a hannunsa. Sai ya ce, "Don mi kunka ce ta haye?"

Baba ya ce, "Tsoro munka ji kada ka yi kuka. Ba mu kyauta ba."

A nan ne ya fashe. Ya jefar da faifan, ya dunƙule hannu ya yi ta dukan ƙirjin Baba yana ihu, "Kullum ina kwata! Kullum ina kwata!" Yaron da ya ɗaga wa ubansa hannu a garinmu, ai sai a ce duniya ta zo ƙarshe. Baba bai hana shi ba. Ya bar shi har hannun ya gaji, sannan ya rungume shi, su biyu suna kuka, ni ma ina tayawa daga gefe. Kuka ne sosai, ban rage ba. Amma zuciyar yaron ta ɗauka, ga shi nan ina gani da idona.

Da ya lafa, yana ajiyar zuciya, tambayar da ta fi kowace ta fito.

"In ruwa ya taho, zai shiga hancinta?"

"Ruwa zai rufe wurin nan duka, kamar dunƙulen lakar nan," in ji Baba. "Amma ba ta jin shi. Jikinta ne kawai a nan."

Duk da haka bai gamsu ba. Ya je ya ɗauko faifan, ya kakkaɓe shi, ya kifa shi a kan kabarin ta wajen kai, yadda Inna ke rufe fura. Ya ɗora dutse a bisa. Na ga Baba ya buɗe baki zai ce ba a yin haka, sai ya rufe. Ya koya masa ya ce Allah ya jiƙan Inna, ya faɗa, muka shafa. Sannan ya nuna masa giginyar da ta fi sauran tsawo, ya nuna masa wani dutse can a hayi. Ya ce in ka sa kan giginyar nan daidai da tsagin dutsen can, to kana bisa wurin. Ya sa shi ya maimaita har ya riƙe. Kan giginyar ya yi shekaru yana leƙowa daga cikin tafki kafin ya faɗi. Ƙanena kuwa ya girma ya gaji Baba a kamun kifi, kuma da giginya da babu, bai taɓa ɓatan wurin ba.

Goggo ta yi fushi da ni sosai. Ko tuwo ta zuba mini sai ta dangwarar da kwanon. Ban damu ba, ci nake in side.

Ranar hayewa, da sassafe aka loda jirage. Tukwane, tabarmi, turame, awaki a ɗaure suna kuka, kaji cikin akurki. A jirginmu akwai mu, akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da kunnenta ya yi nauyi, labari bai kai gare ta ba. Kowa ya fuskanci gaba, ba mai son waiwaye. Autanmu ne kaɗai ya juya baya ya zauna yana kallon giginyu suna ƙanƙancewa.

Da muka kai tsakiyar gulbi, tsohuwar ta lura da shi. Ta miƙo hannu ta shafa kansa, ta ɗaga murya irin ta kurame.

"Mai gidana, mi ya sa ka yi shiru? Juyo mana. Yau fa za ka ga Innarka a hayi."

Baba ya tsai da filafilin tuƙi a ruwa. Ni har na cika baki zan yi magana, sai yaron ya riga ni. Bai ko juyo ba.

"A'a, Kaka. Inna ba ta haye ba, tana gungu. Mu munka haye."

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Can ta buɗe, ta jawo shi ta ɗora a cinya, ta juya ita ma tana fuskantar gungu.

"Haka na, ɗana," ta ce. "Mu munka haye."

Da muka isa sabon gari, bai leƙa ƙofar kowa ba. Tamu aka nuna masa, ya shiga.